SANIN ABU MAI KYAU YA ISA YA MAI DA MUTUM NAGARI?

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34 da Romawa 7:14-25

Akwai wata tambaya da nake so mu zauna a kanta yau. Me ya sa mutum yakan san abin da yake daidai sarai, amma ya tashi ya aikata wanda ba daidai ba? Mai sayar da hatsi ya san tiyar da yake awo da ita ba ta cika ba. Mashayi ya san giya ce take cinye kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mai tsegumi ta san maganar da take shirin faɗa za ta raba gidan maƙwabciyarta. Babu ɗaya cikinsu da yake bukatar a gaya masa cewa abin nan mugu ne. Duk da haka suna yi, gobe kuma su sāke.

Tambayar nan tsohuwa ce. Mutanen da suka fi kowa wahala a kanta a zamanin dā su ne masu ilimi na Helenawa, kuma Littafi Mai Tsarki da kansa ya kai mu ƙofarsu.

Bulus a kasuwar Atina

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, manzo Bulus ya iso birnin Atina, a ƙasar da muke kira Girka a yau. Luka ya gaya mana cewa kowace rana yakan tafi kasuwa yana muhawara da waɗanda ya tarar, a can kuwa ya gamu da Abikuriyawa da Sitokiyawa. Mai yiwuwa ka sha karanta sunayen nan biyu kana tsammani kabilu ne. Makarantu ne na masu falsafa. Kalmar falsafa daga Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa ƙaunar hikima. Shekara fiye da 400 kafin Bulus ya taka wannan kasuwa, mutanen Atina suna tsayawa a cikinta suna tambayar juna wace irin rayuwa ce ta dace da ɗan adam.

Suna da wata kalma, arete, wato nagarta ko halin kirki. A wurinsu kowane abu yana da tasa nagarta. Nagartar wuƙa kaifi ne, nagartar doki gudu ne. To, mece ce nagartar mutum? Wannan kalma ce Bulus ya yi amfani da ita a Filibiyawa 4:8, Bitrus kuma a 2 Bitrus 1:5. Manzanni ba su ji tsoron kalmar ba. Saboda haka mu ma kada mu ji tsoron sauraron mutanen nan, mu auna abin da suka faɗa, mu riƙe abin da yake na gaskiya.

Sokiratis: mugunta jahilci ce

Na farko shi ne Sokiratis, wanda littattafan Larabci suke kira Sukurat. An haife shi a Atina wajen shekara ta 470 kafin haihuwar Almasihu. Mahaifinsa masassaƙin dutse ne, mahaifiyarsa ungozoma. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Abin da muka sani game da shi, almajiransa ne suka rubuta, musamman Filato. Aikinsa shi ne ya tsai da mutum a hanya ya tambaye shi mene ne adalci, ko mene ne ƙarfin hali, har sai mutumin ya gane bai san abin da yake tsammani ya sani ba.

Mutumin nan ya aikata abin da ya koyar. A shekara ta 404 kafin Almasihu, waɗansu azzalumai talatin suka riƙe mulkin Atina. Suka kira Sokiratis da waɗansu mutum huɗu, suka umarce su su tafi tsibirin Salamis su kamo wani mai suna Liyon domin a kashe shi. Mutum huɗun suka tafi. Sokiratis ya kama hanyar gidansa, ko da yake ya san wannan zai iya jawo masa mutuwa. A shekara ta 399 kuma aka gurfanar da shi gaban masu shari'a wajen 500, bisa zargin cewa ba ya girmama allolin birnin, yana kuma ɓata matasa. Aka yanke masa hukuncin kisa. Yana kurkuku, abokinsa Kirito, wani mai dukiya, ya shirya kuɗin da za a ba masu tsaro domin ya tsere. Ya ƙi. Dalilinsa shi ne, bai kamata mutum ya rama mugunta da mugunta ba, kuma gara a zalunce ka da ka yi zalunci, gama mai zalunci ransa yake ɓatawa. Ya sha dafin da aka ba shi, ya mutu yana da shekara wajen 70.

Amma ga amsarsa ga tambayarmu. Ya koyar cewa babu wanda yake yin mugunta da saninsa. Kowa yana son abin da zai amfane shi. Mugunta kuwa cutar da ran mai yin ta take yi. Saboda haka wanda ya yi ta, kuskuren awo ya yi. Daɗin da yake kusa ya yi masa girma a ido, wahalar da take nesa ta yi masa ƙanƙanta, kamar yadda akuyar da take gabanka takan fi raƙumin da yake can bakin daji girma a ido. In aka koya wa mutum awo na gaskiya, in ji shi, zai daina.

Akwai gaskiya a ciki. Zunubi yakan zo da ruɗu. Amma dubi ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kusa da Sokiratis, wato Alkibiyadis. Saurayi ne kyakkyawa, mai dukiya, mai kaifin hankali. Sokiratis ya taɓa ceton ransa a wurin yaƙi. Filato ya nuna shi yana shaida cewa Sokiratis ne kaɗai mutumin da ya taɓa sa shi jin kunya, cewa in yana sauraronsa yakan yarda rayuwarsa ba ta kan hanya, amma da zarar ya bar wurin, son yabon jama'a ya sāke rinjayarsa. A shekara ta 415, sa'ad da aka kira shi ya amsa ƙara a Atina, ya gudu wurin abokan gāban birninsa a Siparta, ya ba su shawarar yadda za su ci mutanensa da yaƙi. Ya sami malami wanda babu kamarsa a ƙasar, ya kuma fahimci koyarwar. Kai ma ka san irin wannan. Mutum nawa ne wa'azi yake taɓa su ranar Lahadi har su zub da hawaye, ranar Litinin kuwa su koma inda suka fito?

Filato: dawakai biyu da zobe ɗaya

Filato, wanda Larabawa suke kira Aflatun, ya kafa makarantarsa a Atina wajen shekara ta 387 kafin Almasihu. Ya ga cewa zuciyar mutum ba murya ɗaya take da ita ba. Ya kwatanta ran mutum da mahayin karusa mai dawakai biyu. Ɗaya yana jin linzami, ɗayan kuwa mai taurin kai ne, yana ja zuwa inda sha'awarsa take. Mahayin ya san hanya, amma sanin hanya bai isa ya tsai da dokin da ya ƙwace ba. Daga nan ya lissafta halaye huɗu da mutum yake bukata domin ransa ya zauna daidai: hikima, ƙarfin hali, kamunkai, da adalci. Ikkilisiya ta farko ta karɓi lissafin nan, malamai kamar Ambros da Agustin sun koyar da shi.

A cikin babban littafinsa a kan adalci, Filato ya sa ɗan'uwansa Gilokon ya kawo wani labari. Wai wani makiyayi a ƙasar Lidiya yana kiwon tumakin sarki, sai aka yi girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage. Ya shiga ramin, ya sami gawa da zoben zinariya a yatsa, ya cire. Daga baya ya gane in ya juya kan zoben zuwa tafin hannunsa, ba mai ganinsa. Bai daɗe ba ya shiga fāda, ya lalata matar sarki, ya kashe sarkin, ya hau gadon sarauta. Gilokon ya ce a ba mai adalci irin zoben nan, a ba marar adalci, a gani ko za a iya rarrabe su. Nufinsa shi ne, yawancinmu tsoron idon mutane ne yake riƙe mu.

Filato ya amsa cewa makiyayin nan bai ci riba ba, gama ya zama bawan sha'awarsa, mutumin da ransa yake cikin tawaye kuwa ba shi da salama ko yana kan gadon sarauta. Amsa ce mai kyau. Amma labarin ya bar mana ma'auni. Makiyayin ya san kisa mugun abu ne tun kafin ya sami zoben. Zoben bai rage masa sani ba. Abin da zuciyarsa take ƙauna tun dā ne ya fito fili. Ɗan'uwana, in aka miƙa maka zoben nan na kwana bakwai, ina za ka fara zuwa?

Aristotil: hali da aiki ake gina shi

Almajirin Filato mafi girma shi ne Aristotil. An haife shi a shekara ta 384 kafin Almasihu a garin Sitagira, mahaifinsa likitan sarkin Makidoniya ne. Ya shiga makarantar Filato yana da shekara 17, ya zauna shekara 20, ya buɗe tasa makaranta a Atina a shekara ta 335, ya rasu a 322. Ɗan likita ne, shi ya sa yakan dubi abin da yake faruwa a zahiri. Ya ce koyarwar Sokiratis ta saɓa wa abin da kowa yake gani da idonsa. Akwai mutumin da ya san daidai amma sha'awa ta ka da shi. Helenawa suna kiran wannan hali akirasiya, wato rashin iko a kan kai.

Ya koyar cewa kowane mutum yana neman rayuwa mai albarka, wadda ta cika ta kuma yi kyau daga farko har ƙarshe. Waɗansu suna nemanta cikin jin daɗi, waɗansu cikin girma, waɗansu cikin kuɗi. Kuɗi, in ji shi, don wani abu dabam ake nemansu, girma kuwa a hannun masu ba da shi yake, suna iya karɓewa. Rayuwa mai kyau ita ce mutum ya yi ta aikata nagarta dukan kwanakinsa.

To, ta yaya ake samun nagartar? A nan ne ya faɗi abin da ya fi amfani. Ba a haifi kowa da ita ba, ba a kuma samunta ta wurin sauraro kawai. Yadda magini yake zama magini ta wurin gini, haka mutum yake zama mai adalci ta wurin yin ayyukan adalci, mai kamunkai ta wurin ƙin abin da ransa yake so sau da yawa. Mugun magini ma ta wurin gini ya zama mugun magini. Kowane aiki da ka yi yau yana ƙara tubali ɗaya a kan mutumin da za ka zama. Ya kwatanta masu son jin koyarwa ba tare da aikatawa ba da majiyyacin da yake kasa kunne ga likita da kyau, amma ba ya shan maganin. Wanda ya karanta Yakubu 1:22 zai ji kamar ya san muryar nan.

Ya kuma koyar cewa halin kirki yakan tsaya tsakanin kuskure biyu, wuce gona da iri da kasawa. Ƙarfin hali yana tsakanin tsoro da ganganci. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Mai haƙuri yana tsakanin mai zafin rai da wanda ko an zalunci maraya a gabansa ba ya motsi. Tsakiyar nan ba ɗaya ba ce ga kowa, kamar yadda abincin da zai ƙosar da ɗan kokawa zai yi wa sabon shiga yawa. Shi ya sa ake bukatar hikima domin a san abin da ya dace, da lokacin da ya dace, da wanda ya dace a yi wa. Amma ya ja kunne cewa akwai ayyukan da ba su da tsakiya. Zina da sata da kisankai mugaye ne ko kaɗan ko da yawa. Kada wani ya ce zai yi sata daidai wa daida.

Ya ƙara da cewa alamar mutumin da nagarta ta zauna a cikinsa ita ce yana jin daɗin aikata ta. Wanda yake ba da kyauta yana cizon yatsa bai zama mai kyauta ba tukuna, yana kan hanya ne.

Dutsen da aka jefa

Yanzu mun zo wurin da maganar take da nauyi. In hali da aiki ake gina shi, yaya za a yi da wanda ya riga ya yi shekara arba'in yana gina mugun hali? Aristotil bai ɓoye amsarsa ba. Ya ce horon da aka yi wa mutum tun yana yaro shi ne kusan kome. Game da wanda ya riga ya saba da zalunci ko lalata, ya kwatanta shi da mai jifa. Kafin ka saki dutse, ikonka ne ka jefa ko kada ka jefa. In ya bar hannunka, ba ka iya komo da shi. Ko da yake a wani wuri ya yarda cewa mugu zai iya gyaruwa kaɗan kaɗan in an ja shi zuwa zama mai kyau, bai ba shi babban bege ba. Mu ma mukan ce hali zanen dutse ne, mukan kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har horo mai kyau ma ba kullum yake riƙe mutum ba. Daga shekara ta 343 Aristotil ne malamin Iskandari, ɗan sarkin Makidoniya, wanda daga baya ya ci ƙasashe tun daga Masar har bakin Indiya. A shekara ta 328, a wani biki a birnin da ake kira Samarkand a yau, Iskandari ya bugu, gardama ta tashi, ya ɗauki māshi ya soke abokinsa Kilitus, mutumin da ya ceci ransa a wurin yaƙi shekara shida kafin wannan. Ya yi kwanaki yana kuka, ya ƙi abinci. Ya mallaki rabin duniyar da aka sani a lokacin, bai mallaki fushinsa na dare ɗaya ba.

Akwai kuma wani gurbi a koyarwar Aristotil. Ya ce rayuwa mai albarka tana bukatar dukiya daidai gwargwado, da asali mai kyau, da sukunin zama a yi tunani. Ya ma koyar cewa waɗansu mutane don bauta aka haife su. A nan ya yi kuskure babba, gama wannan ya rufe ƙofa ga bawa da talaka.

Sitokiyawa da Abikuriyawa

Makarantu biyun da Bulus ya gamu da su sun tashi bayan mutuwar Aristotil, dukansu kuwa sun buɗe ƙofar nan. Abikuras ya sayi wani lambu a Atina wajen shekara ta 306 kafin Almasihu, ya karɓi mata da bayi cikin almajiransa. Ya ce jin daɗi shi ne abin nema, amma abin da yake nufi shi ne jiki ba ciwo, zuciya ba damuwa. Gurasa da ruwa da abokan kirki sun ishe shi. Ya koyar cewa alloli ba su kula da al'amuran mutane, mutuwa kuma ita ce ƙarshen kome.

Zeno, mutumin tsibirin Kubrus, ya fara koyarwa wajen shekara ta 300 a wata rumfa mai zane a gefen kasuwar nan ta Atina. Rumfa a Helenanci sitowa ce, daga nan aka sami sunan Sitokiyawa. Sun koyar cewa nagarta kaɗai ce abu mai kyau na ainihi, ba kuwa mai iya ƙwace maka ita. Ɗaya daga cikin manyansu, Efiktitus, an haife shi wajen shekarar da Bulus ya ziyarci Atina, a garin Hirafolis wanda aka ambata a Kolosiyawa 4:13. Bawa ne a Roma, gurgu kuma, daga baya aka 'yanta shi. Ya koyar da a rarrabe abin da yake hannunka da abin da ba ya hannunka. Lafiyar jikinka da dukiyarka da abin da mutane suke faɗa a kanka ba su hannunka. Yadda za ka amsa, wannan naka ne. Wannan koyarwa ta ta'azantar da mutane da yawa cikin wahala, ya kamata kuma ta ba mai bi kunya in yana gunaguni a kan ƙaramin abu.

Sai dai Sitokiyawa da kansu sun yarda cewa cikakken mai hikima irin wanda suke kwatantawa, da wuya a sami ko ɗaya a duniya. Sun zana hoton mutumin kirki da kyau, amma ƙarfin zama shi, sun ce mutum ya nemo daga cikin kansa. Wanda ya duba cikin kansa ya tarar ba ƙarfin fa?

Abin da Bulus ya kawo

Sa'ad da aka kai Bulus Tudun Arasa, bai zagi masu ilimin nan ba. Ya ma kafa hujja da maganar mawaƙansu. Amma ya kawo musu abu biyu da ba su cikin littattafansu: kira daga wurin Allah zuwa ga tuba, da Mutumin da Allah ya tasar daga matattu. Waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani lokaci, waɗansu kuwa suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris.

A Romawa 7 Bulus ya bayyana ciwon da muka fara da shi. Mutum yana son nagarta, yana yarda da ita a hankalinsa, amma hannunsa yana aikata abin da ya ƙi. Bai ce jahilci ne ba, bai kuma tsaya a kan rashin horo ba. Ya ce zunubi iko ne da yake zaune cikin mutum, mai kama shi bauta. Wanda aka ɗaure, ƙarin bayani a kan hanya ba ya kwance shi. Mai kwancewa yake bukata. Shi ya sa alkawarin Allah a Ezekiyel 36:26 ya shafi sabuwar zuciya, shi ya sa kuma kamunkai, wanda a Helenanci shi ne kishiyar akirasiya, yana cikin lissafin albarkar Ruhu a Galatiyawa 5:23.

Ka tuna da Zakka a Luka 19. Shugaban masu karɓar haraji ne, ya yi shekaru yana gina halin cuta har ya yi arziki da shi. Bisa ga misalin Aristotil, dutsen ya daɗe da barin hannu. Amma Yesu ya shiga gidansa, mutumin ya miƙe ya ba da rabin dukiyarsa ga matalauta, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. In ka yi shekara talatin cikin shaye-shaye ko ƙarya ko zafin rai, kada ka ce naka ya ƙare.

Kada alheri ya zama hujjar ragwanci

Amma a nan dole mu bar Aristotil ya tsauta mana. Akwai masu bi da suke tsammani tun da an yi musu addu'a, hali zai sāke da kansa suna kwance. Shekara goma suna cikin ikkilisiya, bakinsu bai sāke ba, awonsu a kasuwa bai sāke ba. Wani ma zai ce, in bishara ce take sāke mutum, me ya sa wani marar bi ya fi wani dattijon ikkilisiya gaskiya? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa sau da yawa ita ce, mun karɓi sabuwar zuciya amma mun ƙi horar da ita. Ibraniyawa 5:14 ta yi maganar manya cikin bangaskiya waɗanda hankalinsu ya horu ta wurin yau da gobe har suna rarrabe nagarta da mugunta. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a wurin ita ce ainihin wadda Aristotil yake kiran halin da ya zauna ta wurin sabo. Bitrus kuma ya ce mu yi matuƙar himma mu ƙara nagarta a kan bangaskiyarmu. Allah ne yake ba da iri da ruwan sama, amma ba ya yi wa manomi noma.

Saboda haka ga shawara. Ka zaɓi hali guda ɗaya wanda ka san yana ka da kai, ka kira shi da sunansa a gaban Allah. Sa'an nan ka nemi aikin da yake kishiyarsa, ka yi shi yau, ka sāke gobe. Haka Bulus ya umarci ɓarawo a Afisawa 4:28, ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin da zai ba mabukaci. In rowa ce, ka ware abin da za ka bayar kafin ka taɓa sauran. In tsegumi ne, ka faɗi alheri ɗaya game da wanda ka saba ɓatawa. Da fari zai yi maka nauyi, kada wannan ya sa ka ce munafunci ne. Kowane ɗan koyo haka ya fara.

Ka kuma nemi aboki mai tsoron Allah wanda zai iya gaya maka gaskiya. Aristotil ya ba da kashi biyu cikin goma na littafinsa a kan halin kirki ga zancen abuta, domin ya ga ba wanda yake zama nagari shi kaɗai. Da dare, kafin ka kwanta, ka bi ranarka ka ga inda ka tsaya da inda ka fāɗi. Seneka, wani Basitoke na Roma, ɗan'uwan Galiyo wanda aka kai Bulus gabansa a Ayyukan Manzanni 18, yakan yi haka kowane dare. Shi a gaban kansa yake yi. Kai kana da Uban da za ka kai wa abin da ka tarar, Mai gafartawa, Mai ba da ƙarfi domin gobe. In kuwa Allah ya ba ka 'ya'ya, ka tuna cewa abin da suke ganin kana yi kowace rana shi ne yake gina su.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka ba 'yan adam hankalin neman abin da yake daidai, muna gode maka. Ka ga yadda muke sanin nagarta amma muna kasa aikata ta. Ka ba mu sabuwar zuciya mai ƙaunar abin da kake ƙauna. Ka ba mu himmar yin ƙaramin aikin kirki na yau, ko da ba mai ganinmu sai kai. Ka ɗaga wanda ya fid da zuciya ga halinsa, ka nuna masa cewa ƙofarka a buɗe take. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.